Kardon na Duwatsun Andis: Itace ne ko Ƙerana ce ta Yi Girma?

Wani mai karatu ya aiko da hoton da ya gani a Facebook: wasu dogayen tsirrai masu ƙaya, kowanne ya ninka tsawon mutum sau uku ko huɗu, tsaye a gangaren dutse a arewacin Ajantina, can bayansu kuma ƙanƙara ta rufe kan duwatsu. Ya ce: "Malam, wannan itace ne ko me? Shi ne ƙeranar da muke gani an yi shinge da ita a ƙauyukan Jos, ta samu wuri ta miƙe haka? Yaya abin da aka sani da hamada yake rayuwa inda ruwa ke daskarewa? Kuma in na samu irinsa zai yi a gidana?"

Malam, abin da ka gani sunansa kardon a bakin mutanen wurin, wato da Sifaniyanci. Amma sunan nan yana da ruɗani, domin duk inda Sifaniyawa suka ga dogon tsiro mai ƙaya sai su maƙala masa shi. Akwai kardon a Meziko, wani jinsi ne dabam. Akwai kardon a tsibiran Kanari da ke gaɓar Maroko, wanda shi ma ko dangin kaktus, wato tsirran nan masu ƙaya da kumburarren jiki na nahiyar Amurka, bai shiga ba. Naka kaktus ne na gaske, shi ne wanda littattafai da yawa ke kira Echinopsis atacamensis. Wani Bajamushe masanin halittu mai suna Rodolfo Philippi, wanda ya ratsa hamadar Atakama a 1853 zuwa 1854, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1860, ya sa masa Cereus atacamensis. Daga baya aka mai da shi gidan Trichocereus, a 1974 aka kwashe shi zuwa Echinopsis, a 2012 kuma binciken ƙwayoyin gado ya sa aka kai shi Leucostele. Tsiron bai motsa daga inda yake ba, mu ne muke ta sauya masa riga. Idan za ka nemi bayaninsa a intanet, gwada sunayen uku na ƙarshe duka, in ba haka ba rabin abin da aka rubuta zai wuce ka.

Kardon ɗin nan kashi biyu ne. Na ɓangaren Cile, a yankunan Antofagasta da Tarapaka, yawanci sanda guda yake fitowa ba reshe, ya kai mita shida. Na Ajantina da Bolibiya, wanda ake kira pasacana, ya fi tsawo, yana kai mita goma, kuma idan ya manyanta yakan fitar da rassa daga gefe, su ɗan fita waje sannan su karkata su dubi sama. Hotonka na biyun ne.

Bari in fara da batun ƙerana, don shi ne ya fi kusa da mu. A'a, ba ita ba ce, kuma ba su haɗa kaka na kusa ba. Ƙerana da tinya da aguwa duk 'yan gidan Euphorbia ne, danginsu ɗaya da rogo da zurman. Kaktus na ainihi, wanda jinsunansa sun kai wajen 1,500, ɗan nahiyar Amurka ne, daga Kanada har Patagoniya. Jinsi ɗaya tak, Rhipsalis baccifera, aka tarar yana rayuwa da kansa a Afirka da Madagaska da Siri Lanka, shi ma ba mai ƙaya ba ne, wani siririn abu ne da ke reto a kan itatuwan kurmi. Dalilin rashinsu a wajenmu lissafin shekaru ne: Afirka da Kudancin Amurka sun rabu kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, dangin kaktus kuwa bai bayyana ba sai wajen shekara miliyan 30 zuwa 35. Kafin a haife shi teku ta riga ta raba gari. Kamannin da kake gani, ƙishirwa ce ta ƙera su iri ɗaya: duk tsiron da ya daɗe a ƙasa mai ƙarancin ruwa, hanyoyin tsira ba su da yawa, sai ya zubar da ganye, ya kumbura jiki, ya yi ƙaya.

In kana son tantancewa da hannunka, ɗauki tsinke ka ɗan soki ƙerana. Nan take farin nono zai tsatso, irin na tumfafiya, mai ƙuna, wanda in ya shiga ido sai an yi da gaske. Soki kardon, ruwa ne garai mai ɗan yauƙi. Sannan ka dubi gindin ƙayar. Ta ƙerana bibbiyu take fitowa, kamar ƙahonni, kai tsaye daga wani tauri a jikin tsiron. Ta kaktus kuwa tana fitowa ne a dunƙule daga wani ɗan gammo mai laushi kamar auduga, wanda masana ke kira areyol. Gammon nan shi ne shaidar gidan, babu wani dangin tsiro a duniya da ke da shi. Asalinsa reshe ne da ya ƙi miƙewa ya tsuke wuri ɗaya, ƙayoyin kuma ganyayensa ne da suka rikiɗe. Daga cikinsa fure ke fitowa, daga cikinsa sabon reshe ke fitowa. A jikin kardon gammo ɗaya yana iya ɗaukar ƙaya 50 zuwa 100, mafi tsawonsu ta doshi santimita 30.

To itace ne? Ni dai ina ce masa itace ba tare da jin nauyi ba, ko da yake littattafai kan ce "mai kama da itace" don su tsira daga gardama. Yana da kututture guda, yana ƙara kauri shekara bayan shekara, yana da rassa a sama, kuma a cikinsa akwai katako na gaske. Sai dai tsarin a juye yake. A jikin ɗorawa ko maɗaci katako ne ya cika ciki, ɓawo siriri ya rufe shi. A jikin kardon katakon wani bututu ne a tsakiya, nama mai ruwa ya kewaye shi ciki da waje. Idan tsiron ya mutu naman ya ruɓe ya zube, abin da ke saura shi ne doguwar ganga mai rami, jikinta duk huda-huda masu tsawo a jere kamar an saƙa raga. In ka ɗaga guntunsa za ka yi mamakin rashin nauyi, amma in ka gwada karya shi a gwiwa za ka ji a jikinka. Ta hudojin nan ne jijiyoyin ruwa ke bi daga tsakiya zuwa gammunan ƙaya.

A ƙasar da babu wani dogon itace, katakon nan ya zame wa mutanen Andis abin da azarar giginya ta zame wa maginan ƙasar Hausa. Rufin tsohon cocin garin Cachi a lardin Salta da shi aka yi, haka na Purmamarca a lardin Jujuy, haka na San Pedro de Atacama a Cile. Ƙofofi, akwatuna, kujeru, duk an yi da shi. A kufan Pucará de Tilcara, wani tsohon gari a kan tudu da aka gina tun kafin daular Inka ta iso yankin, kardon ne ya tsaya ko'ina tsakanin ɗakunan dutse. Mutanen arewacin Ajantina ma suna da wani labari da suke so, wai a yaƙin neman 'yanci mayaƙan Janar Güemes sun riƙa sa wa kardon bargo da malafa, don sojan Sifaniya su hango daga nesa su zaci runduna ce. Ko an yi ko ba a yi ba, wanda ya ga yadda suke tsaye a kan tudu da almuru ya san inda labarin ya samo ƙafa.

Yanzu ga inda yake zaune. Ana samunsa daga kimanin mita 1,700 zuwa 3,900 sama da matakin teku. Don ka auna, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, wato inda tsawon ƙasarmu ya ƙare nan kardon ya fara jin daɗin zama. Wurin da aka fi saninsa da shi shi ne gandun Los Cardones a lardin Salta, wanda gwamnatin Ajantina ta keɓe a 1996, mai faɗin hekta wajen 64,000. Wata hanya miƙaƙƙiya sak da ake kira Recta del Tin Tin ta ratsa shi, kimanin kilomita 19 ba kwana, a tsawon mita 3,000, dama da hagu kardon ne iya ganinka. Sai kwarin Humahuaca, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. Sai kuma mafi ban mamaki, tsibirin Incahuasi a tsakiyar filin gishirin Uyuni na Bolibiya. Filin ya haura murabba'in kilomita 10,000, fari fat, a tsawon mita 3,650 da 'yan kai, ko ciyawa ba ta fita a kansa. Tsibirin kan wani tsohon dutse mai aman wuta ne da ya leƙo sama da gishirin, kuma kardon ya cika shi maƙil.

Ruwan sama a irin waɗannan wurare bai cika kai milimita 200 a shekara ba, kusan abin da Agadas ke samu, kuma yana zuwa ne cikin 'yan watanni, daga Disamba zuwa Maris, lokacin zafinsu. Danshin daga gabas yake tasowa, daga dazukan Amazon da filayen Chaco, duwatsun farko su tatse mafi yawansa, ragowar ce ke haurowa. Daga yamma kuwa babu abin da ke zuwa, saboda ruwan tekun Fasifik a gaɓar Cile mai sanyi ne, ba ya tara hadari. Shi ya sa ko a cikin Atakama ba a tsakiyar hamadar kardon yake ba. A can ƙasa ruwa ya yi kaɗan ko ga kaktus. Sai ka hau dutse, ka kai inda ɗan yayyafin da ya tsallako daga Bolibiya yake sauka, kamar kwazazzabon Guatín kusa da San Pedro, sannan ka fara ganinsa. Ka ƙara hawa kuma, sanyi ya kore shi. A tsakanin fari na ƙasa da jaura ta sama yake da ɗan zirinsa.

Yadda yake sarrafa ruwa, a taƙaice: saiwoyinsa ba sa nitsewa neman rijiya, shimfiɗuwa suke yi kusa da fuskar ƙasa zuwa nesa, yadda ko yayyafin da bai jiƙa taki ɗaya ba zai shiga hannunsu. Jikinsa kunya-kunya ne daga sama har ƙasa, kunyoyi 20 zuwa 30 da kwari a tsakaninsu, kamar an tayar da gona tsaye. Idan ya sha ruwa kunyoyin su buɗe, idan rani ya yi nisa su tsuke, tamkar zugazugin maƙeri, saboda haka fatar ba ta tsagewa. Fatar kanta kauri gare ta, da kaki a samanta. Yauƙin da ke cikin naman, irin na kuɓewa, shi ke riƙe ruwan kada ya gudu. Kututture mai kaurin santimita 50 da tsawon mita biyar, in ka buga lissafi, cikinsa ya doshi lita 1,000, duro biyar ke nan, kuma mafi yawan wannan ruwa ne.

Abin da ya fi wannan dabara shi ne numfashinsa. Gero da dawa da kusan duk tsiron da ka sani suna buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensu da rana don su shaƙi iskar kabon, a nan kuma ruwa ke tsere musu. Kardon yana kulle nasa ƙofofin da rana ruf. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, sannan ya buɗe, ya shaƙi iskar, ya mai da ita wani ruwa mai tsami ya adana. Gari na wayewa ya rufe, ya warware tsamin nan a ciki, ya haɗa abincinsa da hasken rana. Ana kiran tsarin CAM, kuma abarba ma haka take yi. Irin waɗannan tsirrai in ka ɗanɗani namansu da asuba za ka ji tsami, da la'asar ka ji ya tafi. Ribar ita ce ruwan da yake asara kaɗan ne ƙwarai. Kuɗin da yake biya kuwa shi ne jinkiri, domin abin da rumbun dare ɗaya zai ɗauka ƙayyadadde ne, komai yawan ranar gobe.

Batun sanyi shi ne inda tambayarka ta fi nauyi, kuma a nan zan daɗe. A kan dutse iska siririya ce kuma busasshiya, ba ta riƙe zafi. Da rana, rana na dukan dutse kamar ta fasa shi. Tana faɗuwa zafin ya tsere sama, a watannin Yuni da Yuli ma'auni ya sauka ƙasa da sifili dare bayan dare. Ka tuna safiyar hunturu mafi tsanani da ka taɓa gani, ka ƙara mata har ruwan buta ya zama dutse, sannan da azahar ka nemi inuwa. Tsiron da jikinsa ruwa ne zalla ya kamata a ce wannan ajalinsa ne, don ruwa in ya daskare cikin ƙwayar halitta yaga ta yake yi.

Abu na farko da ke cetonsa shi ne girman kansa. Randa cike da ruwa ba ta yin sanyi da saurin da kofi ke yi. Kututturen ya sha rana wuni guda, cikin dare yana sakin zafin a hankali, kafin sanyi ya kai ga cibiyarsa gari ya waye. Sanyin Andis mai tsanani ne amma na sa'o'i ne, kullum rana tana dawowa, kuma wannan shi ne bambancinsa da sanyin Turai da ke kwana ya wuni. Na biyu, lokacin sanyi shi ne lokacin rani a can, saboda haka sanyin yana tarar da shi ya riga ya rage ruwa, ruwan jikinsa ya yi kauri, mai kauri kuma ba ya saurin daskarewa. Da a ce sanyi da damina tare suke zuwa, da babu kardon a wurin. Na uku, ƙayar. Ka dubi tsohon kardon da kyau za ka ga ƙayar ƙasa dabam, ta sama dabam. Daga gindi zuwa kimanin inda bakin dabba ke kaiwa, ƙayoyi ne masu kauri da tauri kamar basilla. Can sama kuwa sun koma sirara, farare, cunkus kamar furfura. Na ƙasa na tsaro ne. Na sama bargo ne da laima a haɗe: suna tare zafin da ke tserewa da dare, suna rage ƙunar rana da rana, musamman a kan tsinin tsiron, inda sabon nama ke fitowa. In tsinin nan ya ƙone, tsawo ya tsaya.

Na huɗu shi ne zaɓen mazauni. Iska mai sanyi nauyi gare ta, cikin dare gangarowa take yi kamar ruwa ta taru a ƙasan kwari. Shi ya sa sau da yawa za ka ga kardon ya cika gangare mai duwatsu da tsakuwa, amma ƙasan kwarin da ka zaci ya fi daɗin zama babu shi. Kuma da yake can kudu da tsakiyar duniya ne, rana ta arewa take karkata, don haka kusa da iyakar tsawon da yake iya kaiwa gangaren da ke duban arewa ya fi yi masa.

Ka lura duk abin da na lissafa na babba ne. Ɗan tsiron da ya fito jiya ba shi da ko ɗaya. Irin kardon baƙi ne ƙanana, kamar irin alayyafo, ɗa guda yana ɗauke da su birjik. Idan ya tsira, wata 'yar ƙwallo ce kore da ba ta kai ƙwayar wake ba. A lissafi, tsiro mai kaurin rabin santimita yana da fatar da ta ninka ta mai kaurin santimita 50 sau ɗari in aka gwada da abin da ke cikinsa. Wato sau ɗari ya fi saurin bushewa, haka kuma yake saurin ɗaukar zafi da sanyi. Rana ɗaya a fili ta isa ta dafa shi, dare ɗaya ya isa ya daskarar da shi. Saboda haka kusan duk wanda ya rayu, a ƙarƙashin wani abu ya rayu: tsagin dutse, ko gindin wani ƙaramin kurmi. A Los Cardones mai renon nasa yawanci wani ɗan itace ne mai danƙo da ake kira jarilla, Larrea divaricata. Inuwarsa na rage zafin ƙasa, rassansa na tare sanyin dare, ganyen da yake zubarwa na riƙe danshi, kuma yana ɓoye ɗan daga bakin dabba. Shekaru na tafiya kardon ya huda ta cikinsa ya wuce shi, sau da yawa mai renon ya mutu ya bar shi tsaye shi kaɗai, har mai wucewa ya zaci a fili ya tashi.

Ko da mai reno, ba kowace shekara ake dacewa ba. Sai an samu damina mai kyau, sanyin da ya biyo baya bai yi tsanani ba, wata daminar ta sake kyau. Irin wannan jeri jefi-jefi yake zuwa. Don haka ni in aka nuna mini hoton kardon dubu tsaye, ba manyan nake ƙirgawa ba. Tambayata ita ce ina masu tsawon gwiwa, ina masu tsawon taki? Dajin da babu su ya riga ya fara mutuwa, sai dai ba za a gane ba sai bayan shekara ɗari, domin manyan za su ci gaba da tsayuwa suna yi wa masu yawon buɗe ido kyau.

Wannan ya kawo mu ga shekarunsa. A Incahuasi abin da ake faɗa shi ne yana ƙara santimita ɗaya a shekara, daga nan sai a ce mai mita goma ya shekara dubu. Ina ɗaukar lissafin da taka-tsantsan. Kaktus ba ya yin zoben shekara a katakonsa yadda za a ƙirga, kuma girmansa ba tafiyar agogo ba ce: yana ƙarami 'yan milimita yake ƙarawa, idan ya yi jiki rumbunsa ya faɗaɗa sai ya ƙara sauri, a wuri mai ɗan dama-dama har santimita da yawa a shekara. Abin da za a faɗa ba fargaba shi ne manyan sun ga ƙarni fiye da ɗaya, kuma wanda ya shuka iri yau da wuya ya ga reshen farko.

Furensa yana fitowa ne a gefen kututture can sama, wajen ƙarshen shekara kafin ruwa ya kankama. Fari ne, wani lokaci da ɗan jaja-jaja, tsawonsa santimita 10 zuwa 14, wuyansa lulluɓe da gashi. Yana buɗewa da dare, amma ba ya rufewa da asuba kamar na danginsa na ƙasa mai zafi, yana kaiwa cikin wuni. A ganina hikimar a fili take: daren dutse sanyi gare shi, ƙwarin dare ba kullum suke fita ba, don haka ya bar ƙofa a buɗe ga na rana. Manyan malam-buɗe-littafi na dare suna zuwa, ƙudan zuma suna zuwa da safe, har da wani tsuntsu mai shan ruwan fure yana tsaye a iska, Patagona gigas, wanda yake cikin mafi girma a danginsa duk da nauyinsa bai wuce giram 20 da ɗoriya ba. Ba ya barbarar kansa, sai an kawo masa ƙurar fure daga wani kardon, saboda haka wanda ya rage shi kaɗai a gangare zai yi ta fure ba 'ya'ya. 'Ya'yan kore ne masu gashi, kimanin santimita biyar, ana cin su, su ne ma asalin masu sunan pasacana. In sun nuna su tsage, tsuntsaye su ci su kai irin gindin kurmin da suka sauka a kai, daidai inda yake bukata.

Abokan gabansa a yau sanannu ne. An sare shi da yawa don katako da kayan tsaraba kafin a fara kare shi. Awaki da jakuna, waɗanda Turawa suka kawo nahiyar, suna tattake ƙanana, suna cinye masu renon, jakuna kuma in ƙishirwa ta matsa suna gatsar jikin manya, raunin ya zama ƙofar ruɓa. A kwarin Humahuaca akwai tsutsar wani malam-buɗe-littafi, Cactoblastis bucyrus, da ke huda kututturen ta ci daga ciki. 'Yar'uwarta Cactoblastis cactorum ita ce aka ɗauka daga Ajantina aka kai Ostireliya a shekarun 1920, ta cinye kaktus mai faffaɗan jiki da ya mamaye hekta wajen miliyan 24 na ƙasar kiwo. Binciken da aka fitar a 2015 kan dangin kaktus baki ɗaya ya nuna kashi 31 cikin 100 na jinsunan suna fuskantar barazanar ƙarewa. Kardon bai kai can ba tukuna.

Saura ko zai yi a gidanka. A tukunya, eh, in ka yi haƙuri. A ƙasa, ban ba ka shawara ba. Ba zafin rana ne matsalar ba, daren da ba ya sanyi ne, da kuma ruwan Agusta. Tsiron da ke numfashi da dare yana son dare mai sanyi, daren Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri wahala ce gare shi. Jos tana da daren da yake so, amma ruwanta ya ninka na mahaifarsa sau shida ko bakwai. Ni kaina na taɓa yin asarar tire guda na 'yan tsiron da na yi wata takwas ina lallaɓawa: na bar su a waje aka kwana uku ana ruwa, da na taɓa ɗaya sai ya narke a yatsana kamar dafaffen kabewa, sauran ma duk gindinsu ya yi baƙi.

In za ka gwada, nemi iri wurin masu sayar da irin furanni, kada ka nemi tsiron da aka tono, domin kusan duka dangin kaktus suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, tsallaka iyaka da mai rai sai da takarda. Haɗa tsakuwa ƙanana da yashi mai gautsi, ƙasa kaɗan kawai, a tukunyar yumɓu mai huda. Barbaɗa irin a sama kada ka binne, yana bukatar haske kafin ya tsira. Rufe da leda mai haske, ka ajiye a inuwa mai haske, ba cikin rana ba, har sai ƙaya ta fara fitowa, sannan ka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Shekara biyun farko kai ne jarillarsa: rana ta safe kawai, inuwa da azahar. Ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau, da hunturu ka kusan dainawa gaba ɗaya, da damina kuma ka shigar da tukunyar ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa amma feshi ba ya kaiwa.